Lallen Khala

In aka tambayi Ummi, mahaifiyata, aikin da 'yarta ke yi, cewa take, "Shaida take yi wa masu cin bashi." Ba ta yi ƙarya ba, ta dai gajarce. Ni muwassiƙa ce a Jidda, wato wadda hukuma ta ba lasisin tabbatar da abu uku kafin a sa hannu a takardar bashi ko ta jingina: cewa mutumin da ke gabana shi ne mai katin shaidar, cewa yana cikin hankalinsa, da cewa ba a tilasta masa ba. Na farko na'ura ke yi mini shi, a ɗora yatsa ta kawo sunan mutum da hotonsa. Na biyu, hira kaɗan ta isa. Na ukun ne ke hana ni sakat, don har yau ba a ƙera na'urar da ke auna yarda ba.

Gara in faɗa tun yanzu, ni matsoraciya ce. Ina tsoron hanyar Khumra, unguwar sito-sito, da manyan motocinta, ina tsoron sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki mutane su zuba mini ido kamar ni na yanke wayar, ina tsoron wakilan kamfanonin bashi da ke tsayawa a kaina suna duba agogo suna cewa, "Yalla ya ustaza, yi sauri malama, kowa ya san abin da ke ciki, ba sai kin karanta ba." Amma babban tsorona shi ne wata rana a zo a ce wani da na shaida yardarsa ashe bai yarda ba. Na san wani abokin aikinmu da hakan ta same shi. Dattijo aka kawo masa, ya amsa komai daidai, daga baya 'ya'yansa suka kawo takardar likita cewa ya daɗe da rikicewa. Lasisi ya tafi, kuma har yanzu yana hawa matakalar kotu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mutanenmu, jikokin alhazan da suka zo suka zauna, suna yawan nemana. Tsofaffinmu suna jin Larabcin kasuwa sarai, amma Larabcin takarda wani abu ne daban, sai an fassara musu da Hausa. Kuma tsohuwa za ta ɗaga mini niƙabi in ga fuskarta ba tare da an yi ta lallashi ba. Wannan shi ne daɗin abin. Rashin daɗinsa kuwa, ido wa ka raina. Wanda ya san ranar da aka yi miki suna ba ya ganin lasisi a hannunki, yarinyar nan ce kawai da ta samu kwamfuta.

Wannan aikin ta bakin Ummi ya zo. Ta same ni ina karyawa, ta ce, "Khalarki ta unguwar Sa'alaba na nemanki. Babban ɗanta zai ci bashi ya faɗaɗa sitonsa na Khumra, kamfani ya ce sai da jingina, za a sa gidanta. Aikin gida ne, kar ki je kina yi musu iyayi."

Khala ba 'yar'uwar Ummi ba ce, ƙawarta ce tun suna 'yan mata, amma mu yaran Jidda haka muke kiran ƙawar uwa. Gidanta kuwa na san shi kamar na ubana. Bene ne ƙarami da marigayi mijinta ya gina da gumin dakon kaya a tashar jiragen ruwa, ɗaki bayan ɗaki, shi ya sa babu taga biyu da suka yi kama da juna. Tana zaune a ƙasa, ta ba da saman haya, da kuɗin hayar take ci take sayen magani. Ba ta da wani abu a duniya bayan gidan nan.

Akwai kuma abin da duk wanda ya san Khala ya sani. Tana yarinya aka zo da ita aikin hajji, ta girma a nan, ta tsufa a nan, amma kunyar ɗan fari da ta koya wurin uwarta ba ta bar ta ba. Ba ta taɓa kiran sunan babban ɗanta ba. "Wancan" take ce masa. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye in da mutane, sai ta juya wurin na kusa da ita ta ce, "Ce masa abinci na kicin." Muna yara muna kwaikwayonta muna dariya. Ba mu taɓa tunanin cewa wadda ba ta iya ce wa ɗanta zo ka ci abinci ba za ta iya ce masa a'a ba.

Bayan la'asar na isa. Na tarar da su a ɗakin baƙi, tsohuwar na'urar sanyi na ta ƙara tana ɗigar ruwa a bokiti. Ɗan, wanda nake ce wa Yaya don ya girme ni nesa, yana zaune da farar taguwa, ya yi ƙiba fiye da yadda na san shi, idanunsa kuma sun yi ja irin na wanda ba ya samun barci. Kusa da shi wakilin kamfanin, Balarabe mai fara'a, da takardunsa a gwiwa. Khala na can kusurwa cikin baƙar abaya da niƙabi, saboda baƙon, hannayenta duka a ɓoye cikin mayafi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi lafiyar Ummi, muryarta daidai.

Na buɗe kwamfuta, na karanta takardar da Larabci, sannan na koma na fassara da Hausa a hankali. Da na zo inda aka ce in mai bashi ya kasa biya kamfani na da ikon neman kotu ta sayar da gidan, sai na rage sauri, na maimaita. Yaya ya gyara zama.

"Ta sani, ƙanwata," ya ce. "Mun yi magana. Halas, an gama, wuce gaba."

"Yaya, daga bakinta ake so in ji." Na juya. "Khala, kin ji abin da na karanta?"

"Na ji."

"Kin yarda?"

"Abin da aka ce."

Wannan amsa ba ta yi mini ba, amma tsofaffi da yawa haka suke amsawa. Na ciro 'yar na'urar yatsa na ajiye a gabanta, na ce ta ba ni hannun dama. Ta daɗe kafin ta fito da shi.

Baƙin lalle ne a yatsunta, irin na Sudan mai kama jiki sosai, ya yi baƙi ƙirin. Na ɗora babban yatsa a gilashin, na'ura ta kawo ja. Na goge gilashin na sake, ja. Na gwada manuni, na gwada na tsakiya, na karɓi hannun hagu, duk ja. Ba yau na fara ganin haka ba. Amare sukan ba ni wannan wahala, haka ma masu dako da siminti ya cinye zanen yatsunsu. Wakilin ya yi dariya ya ce, "Mabruk, barka ya hajja, bikin wa aka yi ba a gayyace mu ba?"

Yaya bai yi dariya ba. Ya leƙo ya ce, "Umma, lalle kuma? Yau da kika san za a yi basma, a ɗauki zanen yatsa?"

Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla ta ce, "Ce masa zafi ke damun hannuna. Lalle na sanyaya shi."

Har yanzu hannun nata na cikin nawa, sai na duba shi da kyau. Babu zane ko ɗaya. Tafin hannu fari tas, bayan hannu haka, ko farce ba a bi da kyau ba. Cikin yatsu kawai aka cika, goma cif, an yi kauri, an maimaita, gefe-gefe duk ya zazzaga irin na wadda ta yi wa kanta ba mai taimako. Mai neman sanyi tafin hannu take lulluɓewa, kowace mace ta san wannan. Sai kuma na tuna abin da ya kamata in tuna tun farko. Khala ba ta sake sa lalle ba tun rasuwar mijinta. Ta fita takaba da daɗewa, amma ko a bikin autarta da Ummi ta kama hannunta da wasa za ta shafa mata, fizgewa ta yi ta ce wanda take yi dominsa ya tafi.

Wakilin ya ce, "Ba matsala, ustaza. Ki tura mata lamba a waya, ta karanto miki, shi ke nan."

Gaskiyarsa. Akwai wannan hanyar in yatsa ya ƙi. Ana tura lambar sirri zuwa wayar da ke rajista da sunan mutum, ya faɗa, aiki ya wuce. Kafin ya rufe baki Yaya ya sa hannu a aljihun taguwarsa ya ciro wata 'yar waya. Ta Khala ce, na gane ta da igiyar carbi da aka ɗaura mata.

"Tana wurina," ya ce. "Ba ta ganin ƙananan rubutu."

Abu ɗaya ya zo mini, na kama shi. Na ce tunda na'ura ba ta tabbatar da ita ba, dole in ga fuskarta in haɗa da hoton kati, don haka maza su ba mu wuri. Yaya ya buɗe baki zai ce ai na san ta tun ina rarrafe, wakilin ya riga shi tashi, shi ma ya bi bayansa yana tsaki. Na tura ƙofa.

Ta ɗaga niƙabin. Ta rame. Na matsa kusa har gwiwata na taɓa tata, na rage murya.

"Khala, mu biyu ne. In ba ki so, kalma ɗaya za ki faɗa mini, in rufe kwamfutar nan, ba wanda zai san ke kika ce."

"Na yarda, 'yar nan."

"Don Allah, Khala. In siton nan bai yi ba, gidan nan za a sayar. Ina za ki?"

Ta kalli bokitin da ruwa ke ɗiga a ciki, ta ce, "Ni in ce wa wancan a'a? Da wane bakin? Yana cikin matsi, ya zo wurin uwarsa. In na hana shi, gobe a ce uwarsa na da gida ta bar shi ya tozarta."

"To ki ce mini ni. Ni ba shi ba ce."

"In na ce miki, na ce masa." Ta buɗe hannayen biyu a cinyarta, yatsun na sama. "Ke 'yar gida ce. Ai kin gani."

Ban taɓa jin tsoro a bakin aiki irin na wannan lokacin ba. Bakinta ya ce ta yarda, sau biyu, ɗaya a gaban shaidu. Hankalinta garau. Wayarta na nan, doka ta ba da hanya. In na ƙi, me zan ce ya hana ni? Babu gurbi a kwamfutata da aka tanada wa lalle. Ba wani mai bincike a ofis da zan zauna in yi wa bayanin kunyar ɗan fari ya fahimta, cewa zai yi tsohuwa ta ce e, ke kuma kin ce a'a, ke wace ce? In kuma na tura lambar, na shaida da sunana da lasisina cewa matar nan ta yarda, alhali yatsu goma na gabana suna cewa ba haka ba. Gaba kura, baya sayaki. Na ji haushinta ma, wallahi, na ɗan lokaci. Ta ɗauko kayan da ta kasa ɗauka ta aza mini, ta koma ta naɗe hannu.

Ta sauke niƙabinta da kanta. Na buɗe ƙofa.

"Ba zan iya kammala wannan ba," na ce. "Ban gamsu ba."

"Ba ki gamsu da me ba?" in ji Yaya.

"Da yardarta."

Ya kalli uwarsa, ita kuma tana kallon ƙasa. Na tabbata a ransa ya san abin da na sani, don shi ma a gidan ya tashi. Da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi. A hankali ya yi maganar.

"Me ta ce miki a ciki?"

"Ta ce ta yarda."

"To?"

Na fara naɗe wayar na'ura.

"Ke," ya ce, "ni na ɗauke ki a kafaɗa na kai ki kallon teku kina majina. Yau kin samu rukhsa, ɗan lasisin nan, za ki shiga tsakanina da uwata? Kin san mutum nawa ke jiran albashi a wurina? Wallahil azim sai na shigar da shakwa, in kai ƙararki hukuma. Sai kin yi bayani a inda ba a jin Hausa."

Wakilin, da fara'arsa ta tafi, ya nemi lambar lasisina cikin ladabi, ya rubuta a bayan takardarsa. Na ba shi, ba ni da ikon hanawa. Na durƙusa zan yi wa Khala sallama, ina fatan ko matse hannuna za ta yi. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "A gaida Ummi." Na shiga mota ban tayar ba, sai da na zauna na yi ta karanta duk abin da ya zo bakina.

Labari ya riga ni gida. Ummi na tsaye a falo, ta fara tun ban cire takalmi ba: ta ce kar in yi iyayi na je na yi, na kunyata ta a gaban ƙawarta, da wane ido za ta shiga Sa'alaba. Na bar ta ta gama. Ba na faɗin sirrin aiki a gida, amma ranar na ce, "Ummi, lalle na tarar a yatsunta. Ciki kawai, duka goma."

"Lalle? Ita?"

Ta nemi kujera ta zauna. Ba ta sake ɗaga maganar da faɗa ba.

Yaya ya cika alkawari. Saƙo ya zo daga hukuma ana neman in yi bayanin dalilin ƙin aiki. Na yi kwanaki ina rubutawa ina gogewa. A ƙarshe layi uku na aika: na'ura ba ta karanta yatsa ba, wayar tsohuwar ba a hannunta take ba, kuma ban gamsu da yardarta ba. Daga nan duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ɗauka hukuma ce. Na rame, abinci ya fita raina. Kamfanin nan bai sake kirana ba, wasu daga cikin mutanenmu ma suka koma wurin wani, don an ce musu ina da taurin kai. Daga baya aka rufe maganar ba tare da an hukunta ni ba. Na yi hamdala, amma hankalina bai kwanta ba, don na san lalle gogewa yake yi.

Ummi ce ta riƙa kawo mini labari, tana yi kamar hira ce kawai. Wai Khala ta koma amarya, kowace Juma'a sai an gan ta da sabon lalle, mata na tsokanarta ko wani tsoho ne ya yi sallama. Ita kuma sai ta ce zafi ne. Duk ranar da na ji haka sai in ci abinci da kyau. Na fara gaya wa kaina wataƙila Yaya ya gane ya haƙura, wataƙila ya samo wata hanya.

Bayan wasu watanni aka yi suna a gidan wasu 'yan'uwanmu. Ɗakin mata ya cika, turaren wuta ya turnuƙe, ana ta miƙa gahawa da dabino. Na hango Khala a jikin bango. Tun daga nesa hannunta nake nema, kuma na gan shi lokacin da ta miƙa shi karɓar finjalin gahawa. Fari tas. Ko alamar ja babu a farce.

Na ratsa mata na je na durƙusa a gabanta. Ta amsa gaisuwata, ta ga inda idona yake, ta juya hannun ita ma ta kalle shi.

"An yi," ta ce a hankali. "Wani aka kawo, namiji. Yaro mai ladabi. Ya tambaye ni na ce na yarda, aka turo lamba, wancan ya karanta masa." Ta ɗan yi murmushi. "Lalle ba ya kama waya, 'yar nan."

Ban zargi mutumin ba, har yau. Ya tambaya an amsa masa, bai kuma tashi a cikinmu ba balle ya san abin da zai duba. Na ce, "Khala, ki yafe mini, ban iya tsare miki ba."

"Kin yi naki." Ta waiwaya ta tabbata ba mai jinmu, sannan ta matso da bakinta kusa da kunnena. "An ce siton ba ya tafiya. Wata biyu ke nan mutanen kamfanin na kiransa ba ya ɗauka. Ke da kika san takardun nan, gaya mini gaskiya. In suka zo, suna fara aiko da sanarwa ne, ko kawai sai dai in ji ana buga ƙofa?"

Na san amsar, ni na karanta mata shafin da bakina, da Larabci da Hausa. Na ce suna aikowa, Khala, ba a zuwa haka kawai.

"A takarda?"

"A waya."

Ta gyaɗa kai, ta ajiye finjalin ba ta sha ba. Wayarta har ranar tana aljihun Yaya.